Tarken Sabon Faifai da Hukuncin Zamani



Maƙasudin wannan lacca shi ne duba wata matsala da ta daɗe tana damun masu tarken kiɗa a Turai da Amurka, wato yanke wa faifai hukunci tun yana ɗanye. Mai tarke yakan sami 'yan kwanaki ne kurum na saurare kafin mujalla ta tafi ɗab'i, sa'an nan kuma da tsohon mudu yake auna sabon hatsi, domin kiɗan jiya ne ya horar da kunnensa.

A shekarar 1969 mujallar Rolling Stone ta Amurka ta kushe faifan farko na makaɗan Led Zeppelin na Ingila, ta ce bai kai na makaɗan Jeff Beck ba. A 2003 ita wannan mujalla ta sa shi na 29 cikin faifai 500 mafiya daraja a wurinta.

Misali na biyu ya fi wannan nauyi. A shekarar 2000 makaɗan Radiohead suka fitar da Kid A, inda suka rage amfani da jita, suka koma ga na'urorin lantarki masu haɗa sauti. Masu tarken da suka zaci za a maimaita salon OK Computer na 1997 suka ɗauki abin tamkar cin amana, har jaridar Melody Maker ta ba shi maki ɗaya da rabi cikin biyar. To amma a 2009 Rolling Stone da Pitchfork duk sun zaɓe shi faifan da ya fi kowane a shekaru goman nan. Haka kuma Pitchfork ta ba Discovery na Daft Punk, 'yan Faransa, maki 6.4 cikin 10 a 2001, ta dawo a 2021 ta mai da shi 10 cif.

Wannan ba ya nufin tarke aikin banza ne, ko kuwa duk abin da aka kushe gwani ne; faifai da yawa an kushe su, kuma sun cancanci kushen. Abin lura shi ne, hukuncin farko shaida ce ta kunnen zamaninsa. Saboda haka wajibi ne mai tarke ya fara bayyana abin da makaɗi ya nufa, da kayan da ya yi aiki da su, kafin ya faɗi ko ya ci nasara. Makin da ba hujja a bayansa yana iya karya kasuwar makaɗi, ya kuma hana mai saurare alheri.

Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ɗalibin tarke ya riƙe cewa kushe ma yana bukatar irin wannan haƙuri.