Amanar Mai Hoto: Jawabin Yaye Ɗalibai a Ƙofar Wambai

 

Ranka ya daɗe mai unguwa, Allah ya ƙara girma. Allah ya gafarta malamai. Iyayenmu maza da mata, abokan sana'a da kuka rufe shagunanku a Wunti da Muda Lawal da Yalwa kuka taho, da ku 'ya'yana da ake yayewa yau, assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Da aka aiko mini cewa ni zan yi jawabi, na ce a nemi ɗan boko. Aka ce a'a, tsoho ake so, wanda ya shaƙi warin maganin wanke hoto a ɗakin duhu har ya bi jikinsa. To ga ni, sai ku yi haƙuri da ni.

Wurin nan da muke zaune ya ci sunan ɗaya daga ƙofofin ganuwar Bauchi, garin da Malam Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19. A da kowace ƙofa tana da mai tsaronta, wanda ya san wa ya shiga da asuba, wa ya fita da almuru, da abin da ke kan jakinsa. Ana ba mutum wannan aiki ne in an tabbata yana da ciki, ba kowane abin da ya gani yake kaiwa kasuwa ba. Kyamarar da za a danƙa muku yau ita ma tana da 'yar ƙofa a cikinta, wadda take buɗewa ta rufe kafin ƙiftawar ido. Abin da ya shiga ta nan ya shiga ke nan, kuma ku ne masu tsaro.

Bari in ba ku labarin ranar da na sha kunya a wannan sana'a. Ina yaron shago a lokacin, ban fi ɗan shekara goma sha bakwai ba. Washegarin Sallah ne, tun safe layi har bakin titi: samari da sababbin shaddodi, 'yan mata da lalle, kowa yana so ya riƙe tarhon nan namu marar waya, ya jingina da furen roba, labule mai zanen bene a bayansa. Bayan la'asar, da mutane suka ragu, sai wani ɗan daudu ya shigo da jaka a hamata. Kowa ya san shi, a bakin tasha yake sayar da waina da soyayyar kaza, kuma duk mai dariyarsa da rana a wurinsa yake cin abinci da dare. Ya ce hoto biyu yake so. Na farko ya tsaya cikin babbar riga da hula, hannu a ƙirji, fuska a ɗaure. Wannan na mahaifiyarsa ne a ƙauye. Sa'an nan ya buɗe jaka ya fito da zane da ɗankwali, ya shiga bayan labule, ya fito ya ɗaura su tsaf, kwalli a ido, ya riƙe ƙugu ya karkata kai. Dariya ta ƙwace mini.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, kallo ɗaya ya yi mini na haɗiye ta. Ya gyara fitila kamar yadda yake gyara wa alhazai, ya matso ya daidaita masa bakin ɗankwalin da ya karkace, ya koma ya ɗauka. Da mutumin ya zo karɓa bayan kwana uku, sai maigida ya haɗa masa har da nagetif a cikin ambulan. Tsofaffin cikinku sun san ba ma yin haka, domin nagetif shi ne jarinmu, da shi ake dawowa a ƙara wanki a ƙara biya. Abin da maigida bai sani ba shi ne, akwai guda ɗaya da ya yi duhu wajen wanki, na ɗauke shi daga kwandon shara na soke a aljihu, don in kai majalisa da dare mu sha dariya. Kafin magariba ya ƙirga takardun hoto ya ga babu ɗaya. Bai doke ni ba. Ashana ya miƙo mini, ya tsaya a kaina har hoton ya zama toka, ya ce in tafi gida in yi mako guda ina tunanin ko hoto nake so in koya ko tsegumi.

Na daɗe ina ganin wannan batu na amanar mai hoto namu ne mu kaɗai, sai da wani ƙanena a sana'a, mai zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin saro fitilu da ƙafar kyamara da injin buga hoto, ya fara kawo mini littattafan hotuna daga can. Mun san ƙasar Sin da kaya, kusan duk abin da ke cikin shagunanmu daga can yake, amma masu hotonta ba mu san ko ɗaya ba. Ina so ku san wasu, domin sun yi karo da irin tambayar da maigidana ya amsa da ashana.

A 1993 wasu matasa masu zane, da ba su da ko kuɗin hayar kirki, suka tare a wata unguwar talakawa a gefen Bejin, kusa da juji, suka laƙaba mata suna Ƙauyen Gabas. A cikinsu akwai Ma Liuming, saurayi mai dogon gashi da fuska kamar ta mace, wanda yakan yi kwalliyar mata ya fito gaban abokansa da wani suna na biyu da ya raɗa wa kansa, Fen-Ma Liuming. Maƙwabcinsa Rong Rong, wanda ya zo daga lardin Fujian da kyamararsa, shi ya riƙa ɗaukarsa. A watan Yunin 1994 'yan sanda suka kama Ma Liuming suka tsare shi kimanin wata biyu, unguwar ta watse. Abin da ya yi saura shi ne hotunan. Rong Rong ya riƙe su sai bayan shekaru, da ƙura ta lafa, ya fitar da su a littafi. A 2007 shi da matarsa, 'yar ƙasar Japan, suka buɗe cibiyar hoto ta Three Shadows a Bejin. Ku lura da haƙurin nan. Mai hoto yana iya riƙe abu shekara goma a akwati, ba don ya manta ba, don ya san lokaci bai yi ba.

A can ma doka ta daɗe tana bin masu neman jinsinsu. Sai a 1997 aka cire laifin da aka fi kama su da shi daga kundin hukunci, a 2001 kuma likitocin ƙasar suka daina lissafa abin a cikin cututtukan ƙwaƙwalwa. Duk da haka yawancinsu ba sa iya faɗa a gaban iyaye, don haka suka koma magana a dunƙule. Suka ari kalmar tongzhi, wadda 'yan kwaminis suke kiran junansu da ita, wato abokin gwagwarmaya, suka mayar da ita sunan junansu. Wanda ya zauna kusa da 'yan daudu ya san su ma suna da yarensu na harka, ga habaici ga karin magana, a gabanka za a yi zancenka kana taya su dariya. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano ya rubuta littafi a kansu a 2009, kuma ya nuna abin da mu ma mun sani, cewa da yawansu magidanta ne masu mata da 'ya'ya, masu salla da azumi, kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Wanda ya fi suna a cikin masu hoton Sin na baya-bayan nan shi ne Ren Hang, haifaffen lardin Jilin a 1987. Ba shi da shago, ba shi da fitilu. 'Yar ƙaramar kyamarar fim mai araha ce a hannunsa, abokansa yake ɗauka a ɗakinsa ko a saman bene, da tsuntsaye da macizai da furanni, leɓe ja jawur. Yawancin hotunan tsirara ne. Zan faɗa muku gaskiya, ba zan rataye su a shagona ba, kuma ban ce ku kwaikwaye shi ba. Tarbiyyarmu da addininmu sun yi mana iyaka a nan. Amma idon ɗan sana'a yana ganin abin da ke bayan hoto. Babu fuska ɗaya a ciki da aka sata. Kowa ya san ana ɗaukarsa, da ƙafarsa ya zo, yana kallon kyamara ido cikin ido kamar mai kallon amininsa. An sha kama Ren Hang, an sha hana nuna aikinsa a ƙasarsu, alhali ana baje shi a Turai. Ya yi ta fama da ciwon damuwa, yana rubuta halin da yake ciki, har a Fabrairun 2017 ya kashe kansa yana ɗan shekara 29, a daidai lokacin da hotunansa suke rataye a wani babban gidan nuni a Amstadam. Na faɗi wannan ne don ku riƙa duba junanku. Sana'ar nan tana sa mutum ya yini yana cewa a yi murmushi, shi kuwa ba mai tambayarsa ya ya kwana.

Kada ku ce abin nan na nesa ne. Samuel Fosso, wanda aka haifa a Kamaru a 1962, ya taso a ƙasar Ibo har yaƙin basasa ya kore shi, yana ɗan shekara 13 ya buɗe shagon hoto a Bangi, Afirka ta Tsakiya. In an tashi aiki, sauran fim ɗin da ya rage yakan ɗauki kansa da shi cikin kaya iri iri, yana aika wa kakarsa a Najeriya. Daga baya ya ɗauki kansa cikin shigar mata, cikin shigar sarki, a 2013 kuma har cikin shigar Mao, shugaban Sin. Yaron shago ne kamarku, abin da ya gane tun yana ƙarami shi ne, bayan labulen mai hoto mutum yakan gwada zama wanda ba ya iya zama a titi. Malamin makaranta ya ari kwat, ɗan dako ya ari agogo, amarya ta ari gwal ɗin yayarta. Duk mun gani, duk mun yi shiru.

Yanzu ga inda maganar ta zo gida. A zamanin maigidana hoto takarda ce guda, ashana ɗaya ta ishe ta. Yau kuwa kafin ka tashi daga kujera ya isa Legas ta WhatsApp, kuma ba ashanar da za ta ƙone shi. Mu mutanen garin nan ba ma bukatar a ba mu labari. A watan Agustan 2007 an kama mutum 18 a wani otal a nan Bauchi bisa zargin shigar mata, labarin ya zagaya duniya. A Janairun 2014, bayan Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14, jama'a suka yi wa wata kotun shari'a a garin nan ruwan duwatsu suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma, sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. Alƙali bai yanke hukunci ba tukuna, shaidu ba su cika ba, amma dutse ya riga ya tashi. A irin wannan yanayi, hoton fuskar mutum ɗaya da aka tura da kalma biyu a ƙarƙashinsa ya isa ya raba shi da gidan haya, da sana'a, da 'ya'yansa, wataƙila da ransa. Kuma sau da yawa zargi ne kawai, wani mai jin haushinsa ne ya ƙulla.

Allah ya gafarta malamai, ban hau nan don in yi fatawa ba, wannan fagenku ne, kuma ban isa ba. Abin da na ji daga bakinku tun ina yaro shi ne falalar rufa wa mutum asiri, da hanin bin diddigin abin da ya ɓoye, da tsananin sharuɗɗan shaida kafin a tabbatar wa wani laifi. A kan wannan nake tsayawa. Mai hoto ba ɗan sanda ba ne, ba alƙali ba ne, mutum ne da aka biya shi aka yarda da shi.

Saboda haka 'ya'yana, za a gayyace ku biki, ku shiga har cikin gida inda ba kowane namiji yake shiga ba. Za ku ga matan aure ba lulluɓi, za ku ga masu girki da masu rawa, za ku ga wanda ya ɗaura abin da ba zai ɗaura a waje ba. Hoton na wanda ya biya ne da wanda ke ciki. Kada ku sa shi a allon talla ko a Facebook sai kun tambaya, in an ce a'a kada ku nemi dalili. Katin memori kada ya kwana a hannun aboki. In za ku kai kwamfuta gyara, ku kwashe abin da ke ciki tukuna. Na san gidan da aure ya mutu a kan wannan sakacin. In wani ya zo da kuɗi yana neman hoton wani, ku ce babu, ko da kuwa kuna ganinsa a gabanku. Ku 'yan matan da ke cikin waɗanda ake yayewa, nauyinku ya fi, domin ku za a bari ku shiga ɗakin amarya.

Mutumin nan na bakin tasha ya rasu da daɗewa. Na je jana'izarsa, sahu ya yi tsawo fiye da yadda na zata, kuma da yawa daga cikin masu sallar ya taɓa ciyar da su bashi. A ɗakin mahaifiyarsa, da muka shiga gaisuwa, na ga hoton farko a bango, na babbar riga da hula. Na biyun ban san inda ya ajiye shi ba, ban kuma tambaya ba.

Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya ba ku kasuwa ta halal, ya saka wa iyayenku da masu koyar da ku da alheri. Ranka ya daɗe, in ka yi izini za a fara miƙa takardun shaida, daga nan mu fita bakin ƙofa a ɗauki hoton taro tun rana ba ta karkata ba. Wanda ba ya son fitowa a ciki ya koma gefen hagu, za mu jira shi ya matsa kafin a danna.