Jawabi a Kan Yawon Sallah na Yara da Wasan Neman Ƙwai

Bayan gaisuwa ga maigari da liman da iyayenmu dattawa, muna gai da 'yan'uwa 'yan ci-rani da ke Maradi da Damagaram da Yamai da Kano har Abijan, waɗanda wannan takarda za ta iske su a can. Maganar da ta tara mu yau ta yara ce, da yadda za su yi Sallarsu su komo gida lafiya.

Kamar yadda kuka sani, shekarar Musulunci tana gaza ta bature da kwana 11. Saboda haka ƙaramar Sallah ta 2024 ta faɗo cikin Afirilu, ta 2025 kuwa ƙarshen Maris. Babbar Sallah ita ma tana biye: a 2025 farkon Yuni aka yi ta, daga nan sai Mayu, sannan Afirilu. Watau a shekarun nan Salloli biyun nan cikin bazara suke zuwa, lokacin da zafin ƙasar Tasawa da Mayahi yakan wuce awo 40, rairayi ya ƙona ƙafa tun hantsi. To, cikin wannan rana ce yaranmu ke fita barka da Sallah, gida gida, suna neman dala biyar, dala goma. Masu ƙarfin hali har su bar gari su nufi Tasawa ko Maijirgi, su tsallaka babbar hanyar kwalta ta Maradi zuwa Damagaram, inda manyan motoci da 'yan kabu-kabu ba su san ana Sallah ba.

Ba mu ce a hana yawon Sallah ba. Mu ma mun yi shi, kuma da shi yaro ke sanin gidan goggonsa da na kawunsa. Abin da muke roƙo shi ne a yi shi da safe, cikin unguwa, kowane rukuni da babban yaro ɗaya a gaba, a komo kafin rana ta take. Kuɗin da kuke aikowa kuwa, ku 'yan ci-rani, ƙungiya ta ga a ware wani abu daga ciki a shirya wa yara wasa a filin lakkol, washegarin ƙaramar Sallah. A ta layya sai rana ta uku, don ranar farko akwai wuƙaƙe da wutar gasa raguna, ta biyu kuma yara ne ke kai rabon nama.

Wasan shi ne a ɓoye ƙwai dafaffe da dabino da alewa, yara su nema. Waɗanda suka zauna kurmi sun ga Kirista suna yi wa 'ya'yansu haka a idin Ista, wanda Litinin ɗinsa ma ranar hutu ce a nan Nijar. A Amurka tun 1878 ake tara yara a gidan shugaban ƙasa don wasan ƙwai irin wannan. Wani dattijo zai ce, to, me ya haɗa mu da al'adar wasu? Gaskiyarsa ce ya tambaya. Amma fa wane ne a cikinmu bai bi zabuwa cikin damina ba, yana laɓe har ya gano inda take saka? Neman ƙwai namu ne tun kaka da kakanni. Tsarin kawai muka ara, ba mu haɗa shi da ibadar kowa ba. Maganar nan kuma ta cewa yaron da ya ci ƙwai zai tashi ɓarawo, mu bar ta haka nan. Ma'aikatan asibiti kullum roƙonmu suke mu ba yara ƙwai, don abinci ne mai gina jiki.

Ga inda muke son a sa ido. Tun jajibere samari za su share filin, su kwashe ƙaya da fasassun kwalabe. Kada a ɓoye komai ƙarƙashin dutse ko cikin rami ko gindin rumbu ko cikin tarin kara, don nan ne kunama da kububuwa ke fakewa da zafi, kuma yaro hannu yake zurawa ba ya dubawa. A ɓoye inda ido zai iya gani: bayan tukunya, cikin ƙwarya, gindin bango. A ja igiya a yi iyaka, a tsai da mutum bakin rijiya. Rijiyoyin ƙasar nan kun san zurfinsu.

Ƙwai a dafa shi da asubar ranar, ya dahu sosai, kada a yi na kwana. Cikin zafin nan awa ɗaya ta ishe shi a waje, wanda ya fashe kuma ya sha ƙasa a zubar. Mai ɓoyewa ya ƙidaya abin da ya ɓoye, a ƙidaya abin da aka tsinto. Yaran ma a ƙidaya su, shiga da fita. Da bazara zabi ba su saka, ƙwai yana tsada, don haka dabino zai fi yawa. 'Yan ƙasa da shekara 4 a ware musu gefe guda tare da uwayensu, a cire musu ƙwallon dabino, kada a ba su alewa mai tauri ko gyaɗa ko ƙwandala, abin da duk suka tsinta baki suke kai shi. Wanda bai samu komai ba a ba shi nasa a hannu, kada yaro ya koma gida da kuka ranar Sallah.

A fara da ƙarfe 7, a tashi kafin 9. A ajiye randa biyu a inuwa. Yaron da ya ce kansa yana ciwo, ko jiri ya ɗebe shi, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa kaɗan kaɗan. Mai zazzaɓi ko ƙuraje a bar shi gida, a aika masa da rabonsa, don bazara lokacin ƙyanda ne da sanƙarau. Ba mu manta 2015 ba, da sanƙarau ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500. In an ga zazzaɓi da sandarewar wuya, asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Muna bukatar samari 10 da mata 6 masu tsaro. Mai so ya ba magatakarda sunansa bayan an tashi. Gudummawar 'yan ci-rani kuma ta iso hannun ma'aji kafin azumi ya kai 20, don a sayi dabino tun bai yi tsada ba.