Manhajar Hoto Ma Ƙofa Ce Ga Masu Kutse

Duk mai shafin intanet da zai jona masa manhajar gyara hotuna, ya fara bincikar wanda ke kula da ita kafin ya dubi kyawun aikinta. A watan Agustan 2011 aka gano ɓaraka a TimThumb, wata 'yar manhaja mai rage girman hotuna da aka cusa cikin ɗimbin shafukan da aka gina da manhajar WordPress. Tana ɗauko hoto daga amintattun shafuka irin su Flickr, amma ba ta tantance adireshi da kyau. Sai masu kutse suka riƙa saka sunan Flickr cikin adireshinsu na bogi, ita kuwa ta ɗauko musu mugun fayil ta ajiye a kwamfutar da ke ɗauke da shafin, daga nan su karɓe ragamarsa. Dubban shafuka suka faɗa hannunsu.

Wani zai ce ai an toshe ɓarakar tuni, kuma shafinsa ƙarami ne, babu mai kula shi. Gaskiya ne an toshe, amma gyara ba ya amfanar wanda bai sabunta ba, kuma a 2014 mai TimThumb ya daina kula da ita. Batun ƙanƙanta kuwa, masu kutse na'ura suke sakawa tana laluben shafuka ba tare da zaɓe ba. Don haka a duba ranar da aka sabunta manhaja, a bincika ko tana karɓar fayil daga waje, a kuma cire duk wadda ba a amfani da ita.