Kafin Ka Sayi Keken Hawan Dutse

Duk mai son fara hawan keken duwatsu, kada ƙyalƙyali ya ruɗe shi. In kuɗin kaɗan ne, a ɗauki mai shokozoba a gaba kaɗai. Mai gaba da baya in ya yi araha, ga nauyi ga saurin lalacewa. A nemi jikin alminiyom, da birkin faifai mai kamawa ko cikin taɓo, da giyar da kayan gyaranta ke kasuwa, irin Shimano. Taya inci 29 ta fi haye duwatsu, 27.5 ta fi saurin juyawa. A hau a gwada tsayinsa kafin a biya. Sannan a ware kuɗin hular kwano, domin kai ba shi da safaya.