Rikicin GSM da CDMA: wa ya biya kuɗin sulhu?



Manomin shinkafa a fadamar Bakolori da ke buga waya daga Maradun ko Bakura don jin yadda buhu ya kwana a kasuwar Talata Mafara, bai san an kai ruwa rana a kotunan Amurka a kan fasahar da ke hannunsa ba. Turai ta tsaya a kan tsarin GSM, wanda ya fara aiki a Finland a 1991. Kamfanin Qualcomm na Amurka kuma ya fito da nasa, CDMA, ya yi wa dabarunsa rajistar haƙƙin ƙirƙira. Da aka zo tsara 3G, sai Turawa suka ga ba makawa su ɗauki dabarar CDMA, suka yi mata kwaskwarima, suka kira ta WCDMA. Qualcomm ya ce ba da yawunsa ba, Ericsson na Sweden ya ce shi ma yana da haƙƙi a ciki. Abin ya yi tsami har hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta yi kashedin za ta ajiye duk tsare-tsaren da aka gina kan CDMA idan ba su daidaita ba. A watan Maris na 1999 suka sasanta: kowa ya ba ɗan'uwansa izinin amfani da fasaharsa, Ericsson ya sayi sashen Qualcomm na ƙera na'urorin turakun sabis, daga baya ITU ta amince da tsarin kowane ɓangare.

Hujjata ita ce wannan sulhu ya fi mana alheri a kan nasarar ɗayansu, amma mu muke biyan kuɗinsa. Ƙa'idar da ake bi ita ce duk mai fasahar da tsari ba ya tafiya sai da ita, ba zai hana kowa amfani da ita ba, sai dai ya karɓi la'ada daidai gwargwado ba tare da nuna bambanci ba. Shi ya sa kamfanonin Sin suka iya cika mana kasuwa da Tecno da itel. La'adar nan tana cikin kuɗin wayar da mai shago ke miƙo wa mutum a kwali, ba a dai rubuta ta a rasit.

Wani zai ce kasuwa ce ta raba gardama, tunda a Najeriya CDMA ya mutu. Gaskiya ne, bayan gwanjon lasisin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi a 2001, inda aka biya dala miliyan 285 kan kowane lasisi, MTN da Econet GSM suka kafa, masu CDMA irin su Starcomms da Multi-Links kuwa suka dusashe, MTN ya saye ɗan'uwansu Visafone a 2016. Amma ba rashin ingancin fasaha ya kashe su ba. Sabis ɗinsu ya fi ƙarfi a manyan birane, kuma yawancin wayoyinsu a ɗaure suke da layin kamfani, alhali ɗan kasuwarmu yana son ya ɓalle murfin waya, ya zare sim, ya sa wani idan sabis ya ɗauke. Ita dabarar kanta ta shigo ta bayan gida: duk wanda ya hau 3G na MTN ko Glo, a kan WCDMA ya hau.

Wani kuma zai ce a soke haƙƙin ƙirƙirar gaba ɗaya a huta. Ban yarda ba, domin wanda ya kashe shekaru yana bincike ba zai kawo sakamakonsa teburin kowa da kowa kyauta ba, ɓoyewa zai yi, a koma zamanin da wayar wannan ba ta aiki a turken wancan. Aibin yana cikin kalmar "daidai gwargwado", wadda ba a yanka mata farashi ba. Nokia da Qualcomm sun yi ta shari'a a kanta har 2008, kuma a 2024 Qualcomm ya maka Transsion, mai Tecno da itel, a kotun Indiya. Ɗaliban injiniya na Kwalejin Abdu Gusau su lura: alƙalan Delhi da na Turai ne ke yanke wannan la'ada, kuma babu mai haƙƙin ƙirƙira daga wajenmu da zai zauna a yi musaya da shi.