Tukunyar Sabulu da Tukunyar Tuwo

Yau maganarmu a kan kayan yin sabulu ce. Mata da yawa suna tambaya, ko tukunyar da aka dafa sabulu a ciki ta yi tuwo? Amsa ita ce, wata ta yi, wata ba ta yi ba.

Kun sani da mai ake yin sabulu, kamar man ja ko man gyaɗa ko kitse, a haɗa da ruwan toka ko soda. Kada ku ce ai ruwan toka ma ana zuba shi a miya. Na miya ɗan kaɗan ne. Soda kuwa wuta ce, tana ƙona fata, tana makantar da ido. Yaron da ya sha ruwanta, maƙogwaronsa yakan ƙone ya tsuke, har haɗiyar kunu ta gagare shi.

To, ga abin da za ku riƙe.

Na ɗaya, tukunyar ƙasa da muciya da ƙwarya da akushi suna shan abin da aka zuba musu. Wanki ba ya fitar da shi duka. In sun taɓa soda, sun zama na sabulu ke nan har abada. Ku yi musu alama, ku ajiye su dabam.

Na biyu, kada a sa soda a tukunyar alminiyam, irin farar nan marar nauyi. Soda tana cin ta, kuma tana tayar da iska mai kama wuta.

Na uku, tukunyar baƙin ƙarfe ba ta shan kome, saboda haka ana iya mayar da ita madafa. Amma a bar ta kwana 2 inda yara ba su kai, sauran da ya manne ya gama zama sabulu. Sa'an nan a kankare, a wanke da ruwan zafi, a ɗauraye sau 3. In da sauran santsi ko ƙanshin turare, a sake wankewa.

Na huɗu, kada a ajiye ruwan soda a kwanon sha ko a kwalba, gama kamarsa ɗaya da ruwa. In ya zuba wa mutum a jiki ko ido, a yi ta kwarara ruwa har minti 20. In yaro ya sha, kada a sa shi amai. A kai shi asibiti nan da nan.

Sabuwar muciya ba ta da tsada, amma ba a sayen maƙogwaro a kasuwa. In kun koma gida, ku karanta wa iyalinku wannan. Allah ya kiyashe mu.