Jawabi a kan kalmar barbariyya da asalinta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani kalmar nan barbariyya, wadda masu fassara ke juyawa da dabbanci, a kunne aka haife ta. Mutanen Yunana na dā, in suka ji baƙo yana magana da harshensa, sai su ce ba abin da ke fita bakinsa sai bar-bar. Suka sa masa suna barbaros. Farisawa da Misirawa, masu sarauta da rubutu da manyan birane, duk sun sha wannan suna. Malaman nahawunsu kuma suka kira kuskuren lafazin kalma da shi, kamar yadda mu ke cewa lahani.

Rumawa suka karɓe ta, suka ɗora wa ƙabilun da ke bayan iyakarsu. Cikinsu ne Gotawa suka ci birnin Rum a shekara ta 410 Miladiyya. Sannu a hankali ma'anar ta karkata zuwa kisa da ɓarna, har aka mance da zancen harshe. A nan zalunci ya shiga, don an ɗauki wanda ba a jin maganarsa an haɗa shi da mai yanka mutane.

Kada mu yi wa Yunanawa dariya. Larabawa sun ce ajam ga wanda harshensa bai fita ba, daga nan ma aka samo sunan rubutun ajami. Mu kuma muna da baubawa, muna da gwaranci, da sunan ƙabila guda muka yi shi. Ku tsare bakinku daga wannan, musamman a makaranta, inda yaro baƙo ke karatu tare da 'ya'yanmu. Wanda ya ƙone gari, a ce ya yi ɓarna, a ambaci aikinsa, a bar harshensa.

Ku dubi mutanen Magrib da ake kira Barbar, su kuwa suna kiran kansu Imazigen. Ɗariƙu ɗan Ziyadu, wanda ya ƙetara da runduna zuwa Andalus a 711, nasu ne. Haka Ibnu Ajurruma, Basanhaje, wanda ya rasu a Fas a 1323. Ajurumiyyarsa ce aka fara buɗe wa yawancinmu da muka zauna koyon nahawun Larabci.

Wassalam.